Zan fara tara tsofaffin gem a Kano, da wanne zan fara?

Wani ƙanenmu daga nan cikin gari ya turo tambaya, yace shi tun yana yaro yake buga gem, yanzu ya fara samun 'yan kuɗinsa yana so ya fara tara injina da kaset-kaset na da irin su Sega da PS1 da PS2, amma bai san da wanne zai fara ba, bai san inda ake samun na kirki a Kano ba, kuma yaji ana cewa tsohon gem yana tsada a ƙasashen waje, shin abin zai iya zama jari?

To ƙanena bari in fara da ta ƙarshen don ita tafi ruɗar mutane. Labarin da kaji gaskiya ne, a watan Yulin 2021 an yi gwanjon kaset ɗin Super Mario 64 a Amurka akan dala miliyan 1.56, wata ɗaya bayan nan wani Super Mario Bros. ya tashi a dala miliyan 2. Amma waɗannan kaset ne da ba'a taɓa ɓare ledarsu ba tun daga kamfani, kuma lokacin korona ne da farashin irin waɗannan kaya ya haukace, daga baya ya sauko sosai. Irin kayan da ke isowa wajenmu, wanda yabi hannu goma kafin ya shiga kwantena, baya cikin wannan lissafin sam. In jari kake nema kaje Dawanau ka sayi hatsi ka ajiye. Wannan harka ta sha'awa ce, kuɗinka zata ci, don haka ka ware mata abinda in ya tafi bazai hanaka bacci ba.

Shawarata ta farko, inji ɗaya zaka zaɓa. Ɗaya tak. Abin kamar kiwon tattabaru ne, wanda ya fara da aure ɗaya ya san halinsu shi yake daɗewa a harkar, wanda ya cika ɗaki a satin farko kuwa kafin wata uku sun watse. Kowane inji da nasa waya, nasa adafta, nasa fad wato abin riƙewa a hannu ana bugawa, nasa ciwon, in ka haɗa biyar lokaci guda zaka wayi gari da tarin kaya babu wanda yake aiki cikakke. Kuma in ni zan zaɓa maka a Kano PS2 ne ba tantama. Ya fito a Japan a watan Maris na 2000, an sayar da sama da miliyan 160, babu injin gem da ya kaishi, kuma an shafe fiye da shekara goma ana ƙera shi, ma'ana fad ɗinsa da wayarsa da lens ɗinsa, wato idon da ke karanta faifai, duk suna nan birjik, masu gyaransa ma akwai su. Ga kuma garaɓasa, yana karanta faifan PS1, kaga da inji ɗaya ka samu zamani biyu, sai dai ka sani gem ɗin PS1 baya ajiye sef, wato inda ka tsaya a wasa, a memori kad na PS2, sai ka nemi nasa. In kuma zuciyarka tana kan Sega ne saboda Sonic da Mortal Kombat na yarinta ba laifi, amma hanyar tafi ƙaya, zan faɗi dalili a gaba.

Akwai abinda nake so ka rarrabe tun yanzu. Yawancin PS2 da zaka gani a kasuwa an riga an saka masa cif ko an yi masa hak ta memori kad don ya karɓi gem ɗin kwafi, a haɗa maka da filash cike da gem. Wannan na bugawa ne, baya cikin abinda ake tarawa, don gem ɗin da ke cikin filash gobe a goge shi a zuba wani. Mai tarawa faifan kamfani yake nema, da gidansa da ɗan littafin da ke ciki. Mutane da yawa suna ajiye biyu, mai filash ɗin na ƙanne da baƙi, mai kyan kuma babu mai taɓa shi sai su, kuma wallahi dabara ce mai kyau in gidanku akwai yara.

Yanzu maganar da tafi kashe injina a garin nan, wuta. Mu wutarmu 230 ce, Amurka 120, Japan 100. PS1 da PS2 babba na Amurka ko Japan in ka jona shi kai tsaye a soket ɗinmu, ƙara ɗaya zakaji sai ƙauri, shikenan. Kafin ka jona komai ka juya bayansa ko ƙasansa ka karanta takardar da ke manne, in kaga 100-240V ka huta, in kaga 120V ko 100V kaɗai to sai da taransifoma mai rage wuta. Adaftar PS2 siriri wanda ya fito a 2004 galibi tana ɗaukar kowace wuta, amma duk da haka ka karanta da idonka, don sau da yawa adaftar da za'a baka ba tasa bace, an tsinto ta ne a kwali. Xbox 360 ma ƙaton adaftansa na yanki ne, na Amurka baya ɗaukar tamu.

A wannan takardar dai ta PS1 da PS2 zaka ga lambar inji, ta fara da SCPH, to lambar ƙarshe ita ke gaya maka asalinsa. A PS2 in ta ƙare da 0 na Japan ne, 1 na Amurka, 3 na Ingila, 4 na sauran Turai, a PS1 kuwa na Ingila da Turai da 2 suke ƙarewa. Wannan yana da muhimmanci don PS1 da PS2 da ba'a taɓa ba suna da kullen yanki, injin Turai bazai karanta faifan Amurka ba. A jikin faifan ma akwai alama, SLES ko SCES na Turai, SLUS ko SCUS na Amurka, SLPS ko SLPM na Japan. Ni shawarata ka tsaya akan na Ingila, tsarin talbijin ɗinsu PAL ne irin namu, wutarsu irin tamu, filoginsu mai ƙafa uku irin namu, gem ɗin kuma da Turanci. Eh na sani masu ƙwaƙwa zasu ce tsofaffin gem na PAL sun ɗan fi nauyin tafiya saboda 50Hz ne maimakon 60, gaskiya ne, Sonic na Sega Mega Drive ɗin Turai har kiɗansa yafi sanyi, amma ga mai farawa wannan ƙaramin abu ne akan ace ka ƙona inji. Na Japan suna da arha a intanet kuma Japanawa sun iya riƙon kaya, sai dai in ba gem ɗin faɗa ko tsere bane zaka zauna kana kallon rubutun da baka iya karantawa. PS3 da PS4 da Switch su faifansu da kaset ɗinsu basu da wannan kullen in banda 'yan tsiraru, haka ma Game Boy da DS, amma 3DS yana dashi.

Ranar da zaka sayi inji kada ka yarda da “na gwada yana yi”. Kaje da faifanka biyu a aljihu, ɗaya mai shuɗin ƙasa wato irin CD na PS2, ɗaya mai farin ƙasa wato DVD, don lens in ya fara gajiya yakan karanta ɗaya yaƙi ɗaya, mai shago kuma wanda yake yi ɗin zai saka maka. Ka saurari injin yayin da yake karantawa, in yana ƙas-ƙas yana maimaitawa ko ya daɗe kafin tambarin PlayStation 2 ya fito, lens ɗin ya kusa. Ka barshi a kunne kamar minti ashirin kana bugawa, wasu sai sun ɗau zafi suke nuna halinsu. Ka gwada ramin fad duka biyun da ramin memori kad duka biyun. Ka leƙa ƙasansa, in takardar hatimi a yage take ko wasu noti babu to an buɗe shi, wannan ba lallai ya zama aibi ba amma dalili ne na rage kuɗi. In siriri ne ka ɗaga murfin ka duba wata siririyar waya mai faɗi da ke bin lens, in ta ɗago sama tana gogar faifai ta zana masa zobe, kuma faifan da ya samu wannan zoben da wuya ya dawo. Don haka faifan gwajin ma kada ya zama mai tsada.

Fad kuwa kasuwa cike take da jabu. Na Sony na asali yana da ɗan nauyi a hannu, robar analog ɗinsa tana riƙe yatsa, na jabu shafal yake kuma maɓallansa suna ƙara. Tsohon orijinal da ya sha hannu yafi sabon jabu a leda, araha bata ado. Memori kad ma haka, na Sony 8MB ne, duk wanda ka gani an rubuta 64MB ko 128MB to ba na Sony bane, yana yi amma kada ka ɗora masa sef ɗin da kayi wata uku kana wahala akansa.

Gane faifan asali shine karatun da zai ɗauke ka lokaci, don mu nan mun taso ne da kwafi, wasu ma basu taɓa riƙe orijinal ba. Faifan PS1 na asali ƙasansa baƙi ne, in kaga fari ko kore kwafi ne, magana ta ƙare. Na PS2 in ka karkata ƙasansa a haske zaka ga tambarin PlayStation a cikin ƙyallin, kwafi bashi da wannan. Ka duba rubutun saman, na kamfani tsaf yake babu dishi-dishi, kuma lambar da ke jikin faifai dole ta dace da wadda ke gefen gidansa, don akwai masu saka faifan Amurka a gidan Turai ko dai da gangan ko da rashin sani. Sannan ka ɗaga shi saitin fitila ka kalla ta ƙasa. Ƙananan zane a ƙasa ba komai bane, ana iya gogewa, amma in kaga haske yana ratsowa ta wasu 'yan ɗigo to ka ajiye musu kayansu, musamman faifan PS1 don shi CD bayanansa suna dab da saman da aka yi wa rubutu ne, karcewar sama tafi ta ƙasa illa kuma bata da magani.

Na ce zan dawo kan Sega. Mega Drive ya fito a 1988 a Japan, a Amurka sunansa Genesis, kuma shi da Famicom na Nintendo wanda ya fito a 1983 an kwaikwaye su iya kwaikwayo. Abinda da yawanmu muka buga muna yara, wannan mai kaset ruwan ɗorawa da ake rubuta gem dubu tara da ɗoriya a ciki alhali Mario da Contra da Tank ne ake ta maimaitawa, ba na Nintendo bane, na kwaikwayo ne. In don tuna baya kake so ka saya abinka, yana da daɗinsa, kawai kada a karɓi kuɗin orijinal a hannunka. Kaset na asali in aka kwance shi zaka ga cif mai ƙafafu a jere akan allo, sau da yawa da sunan kamfanin, na jabu kuwa galibi wani baƙin ɗigo ne kamar an ɗiga kwalta. Na Nintendo notinsu na musamman ne, sai ka sayi sukundireban da ake kira gamebit da mai baki uku na Game Boy Advance, basu da tsada. Duk wani Pokémon na Game Boy Advance da ka gani da arha ka ɗauka jabu ne har sai ya tabbatar maka da akasin haka, don yana cikin gem ɗin da aka fi yiwa jabu. Wani abu kuma, kaset da yawa na wancan zamanin batir ne ƙarami irin na agogo yake riƙe musu sef, bayan shekara ashirin zuwa talatin yawanci ya mutu, in kaga gem baya ajiye sef ba lalacewa yayi ba, duk mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen soda zai canza maka. Kuma don Allah a daina hura kaset da baki, danshin numfashi tsatsa yake jawowa, ɗan sifirit a auduga mai tsinke ka goge haƙoran ka barshi ya bushe ya wadatar.

Ina ake samu? Sabon Gari ne farko, cikin kasuwa da shagunan kayan lantarki na kewaye, sai wajajen Beirut Road da Farm Centre inda masu waya da kwamfuta suke, duk da dai su sunfi karkata ga PS4 da PS5. Amma gaskiya kayan kirki na da ba'a kan kanta suke ba. Suna sito ɗin gidajen da wani yaya ko kawu yayi karatu a waje, suna hannun waɗanda suka taɓa riƙe gidan gem a unguwa suka rufe, suna kwalayen 'yan gwanjon kayan waje da ake saukewa a haɗe da rediyo da dutsen guga, wani lokacin har a kurar 'yan jari bola. Ka saba da mai gyaran gem ɗaya na kirki ka bashi lambarka, shi ake fara kaiwa kaya in za'a rabu dasu, in ya samo maka abu ka bashi la'adarsa da daɗin rai gobe ma kai zai fara kira. Wajen ciniki kuma ka riƙe fuskarka, in ka tsinci abinda ka daɗe kana nema a cikin tari kada ka zaro shi kaɗai kana murmushi, ka haɗa shi da wasu biyu uku ka taya gaba ɗaya, in ance albarka ka ɗan taka kamar zaka tafi. Inji mai tsada kuwa ka karɓi rasit, in mutum ya kawo PS4 babu waya babu fad yana sauri yana neman rabin kuɗi, ka barshi, kada sha'awa ta kaika ofishin 'yan sanda.

Jiji da Facebook akwai kaya, daga Legas ma ana turowa daga Alaba, amma wannan cinikin biri a sama ne in baka san mutum ba. Ka nemi bidiyon injin yana aiki da takarda mai sunanka a gefe, ko ka samu wanda zai je ya gani. In kana da ɗan'uwa a Ingila kuwa ka gama sa'a, akwai shagunan kayan hannu irin su CeX da faifan PS2 da yawa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, ya zubo maka goma a jaka in zai dawo yafi maka oda ta eBay da kuɗin jirgi zai ninka kuɗin kayan.

Me zaka fara saya? Abinda ka buga kana yaro kuma har yanzu zaka zauna ka buga. God of War, GTA San Andreas, Resident Evil 4, Tekken, Gran Turismo, Need for Speed, waɗannan an ƙera faifansu da yawa don haka basu da wuyar samu kuma basu da tsada. Irin su Silent Hill 2 da kowa ke nema ka bari sai idonka ya buɗe. Kada ka cika shelf da ƙwallo, na san mu Kanawa da ƙwallo sai Allah, amma FIFA da PES a zamaninsu duk shekara ake fitar da sabo, sune mafi arha a ko'ina a duniya, ka ɗauki ɗaya ko biyu da kake ƙauna, ni dai PES 6 na 2006 ba mai raba ni dashi, sauran ka barsu. Kuma ka buɗe lis a wayarka ka dinga rubuta abinda ka mallaka da lambarsa da yanayinsa, in faifai suka haura hamsin zaka fara sayen abu sau biyu baka sani ba.

Ajiya kuma nan ne yanayin Kano yake shigowa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ɗakin da bashi da silin ko saman wadrob kusa da kwano ba wajen ajiye faifai bane, haka cikin mota, rana kuma tana cinye kalar takardar gida cikin 'yan watanni in taga tana haska ta. Da hunturu ƙura ce, tana shiga ta fanka ta kwanta akan lens ta toshe iska, don haka inji in ba'a amfani dashi a lulluɓe shi da kyalle ko a saka shi a akwatin roba mai murfi, amma kada a kunna shi a lulluɓe. Da damina danshi, ka dinga tara 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi kana jefawa a akwatin. Kwali kada ya taɓa ƙasa saboda gara. Kyankyaso kuma yana son ɗumin cikin inji, PS4 musamman, masu gyara zasu baka labari, in ya shiga wajen wuta ya haɗa waya to sai an canza masa kayan wutar. Faifai a tsaye ake jera su cikin gidansu, ba'a ɗora su kan juna tsirara. Duk abinda ke cin batir, Game Boy ne, rimot ɗin Wii ne, fad ɗin Xbox ne, ka cire batirin kafin ka ajiye don yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen. PSP kuma ka dinga duba batirinsa, in murfin baya ya fara ɗagowa ya kumbura kenan, a cire shi nan take. Sannan ka saba da zare filogi duk lokacin da aka ɗauke wuta, dawowarta da ƙarfi ita ke yin ɓarna, ka sayi stabilaiza, in da hali ka ɗora gem ɗin akan inbata ko sola maimakon ƙaramin janareto mai hawa da sauka.

In ka samu tsohuwar talbijin mai ƙaton baya da ake neman kai wa bola, karɓe ta. Waɗannan injinan don ita aka yi su, hoton da yake fitowa dishi-dishi a filasma akanta tas yake, kuma bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt bata aiki sam a filasma. In ka jona injin Amurka kaga hoto baƙi da fari ba lalacewa yayi ba, talbijin ɗin ce bata gane NTSC, wato tsarin talbijin na Amurka. In filasma kaɗai gareka, wayar PS2 mai kai biyar tafi mai kai uku fitar da hoto nesa ba kusa ba, in dai talbijin ɗin tana da raminta.

In ka ƙoshi da PS2 kana son ƙara na biyu, PS3 ne yafi dacewa, kowanne yana karanta faifan PS1, na farko-farko masu ramin USB huɗu har na PS2 suna karantawa amma sune kuma suka fi saurin mutuwa da ciwon fitila ruwan ɗorawa, a zafin garin nan gara siririn da ya fito a 2009. Xbox 360 na farko ma haka, ciwon jan zobe yasa Microsoft ta ware sama da dala biliyan 1 a 2007 don gyara, in zaka saya ka nemi samfurin 2010 zuwa sama, kuma kada ka motsa shi faifai yana juyawa a ciki. Faifan waɗannan biyun yanzu ne lokacin tsintarsu tunda mutane sun koma PS4 da PS5 suna rabuwa dasu da arha, kuma shagunan intanet na tsofaffin injina rufewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, na 3DS da Wii U an rufe a Maris 2023, na Xbox 360 a Yulin 2024, wanda bashi da faifai a hannu yanzu bashi da hanyar sayen da yawa daga cikinsu. In ka tsinci wani abu baka tabbata ba ka ɗauki hoton ƙasan faifan da lambar gefen gidan ka turo kafin ka biya, zan duba maka in sha Allah.